Yadda ake riƙon tsohuwar motar alfarma: dubawa, gyara da tuƙi a lokacin hunturu

Motar alfarma da ta shekara goma sha biyar ko ashirin, kuɗin sayenta ne ya faɗi, na kayan gyaranta bai faɗi ba. Mercedes S-Class ƙirar W220 da aka yi daga 1998 zuwa 2005, ko BMW 7 Series ƙirar E38, ko Lexus LS430, ko Audi A8, yau ana samunsu a kuɗin ƙaramar mota, amma famfon iskarsu da kwamfutocinsu da tayoyinsu suna nan a farashin manya. Araha ba ta ado. Sai dai a yawancin waɗannan motocin ba inji ne ke fara mutuwa ba. Abin da ke kayar da su roba ce, da filastik, da ruwayen da aka daɗe ba a canja ba, da lantarki. Duka ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya kafin su yi ɓarna, kuma sanyin hunturu na ƙasashe masu dusar ƙanƙara ne ke fara tona asirin wanda bai bi ba.

Kafin ka biya kuɗi

Takardun gyara sun fi lambar kilomita muhimmanci. Motar da ta ci kilomita 280,000 da rasit na kowane canjin mai ta fi wadda ta nuna 120,000 ba takarda ko ɗaya. Wadda aka ajiye shekaru ba a hawa ma tana da nata ciwon, don robobinta bushewa suke yi su tsattsage.

Ka nemi a bar maka motar da sanyinta. Da ka iso, buɗe bonet ka taɓa injin. In da ɗumi, an riga an tayar da ita, ka dawo wata safiyar. Tsaya kusa da injin wani ya murza makulli. Ƙarar karaf-karaf ta daƙiƙa biyu ko uku a farkon tashi alama ce ta sarƙar inji da ta saki, ko robobin da take bi a kansu sun cinye. Injin M62 mai silinda takwas na BMW ya yi suna da wannan. A wasu injinan Audi, irin 3.2 FSI da 4.2 FSI, sarƙar tana bayan inji ne, yawanci sai an sauke injin ko giya kafin a kai gare ta, don haka ƙaramar ƙara a nan babban aiki ne. Bar motar ta yi minti goma tana tsaye a kunne, sannan ka taka totur ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin bakin mai na ƙonewa, galibi daga robobin bawul, sanannen ciwon injin N62 na BMW. Farin hayaƙi mai kauri da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Wannan motar a bar ta.

Na'urar dubawa ta gama-gari inji kawai take karantawa. Irin waɗannan motoci suna da kwamfutoci da dama, na giya daban, na birki daban, na iskar ƙafa daban, sai da na'urar da ta san ƙirar ake ganin duka. A kuma duba ko an goge kurakuran kwanan nan: in na'ura ta nuna gwaje-gwajen inji ba su kammala ba, wani ya share tarihin kafin zuwanka.

Daga nan a ɗaga motar. Duba inda ake kafa jak, bakin mazaunin taya, ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya, da siraran bututun birki. Tsatsar da ta tsaya a sama ba komai ba ce. Wadda ke ɓarewa in ka danna da sukundireba ita ce matsala. A Mercedes E-Class ƙirar W210 har mazaunin sifirin na gaba tsatsa kan cinye. Audi A8 da Jaguar XJ ƙirar X350 jikinsu alminiyam ne, amma ƙarafan ƙasa da bututun birki suna tsatsa kamar na kowa. Ƙarshe, cusa hannu ƙarƙashin kafet a gaba da baya da cikin but. Danshi a nan yana nufin ruwa na kwanciya inda wayoyi da kwamfutoci suke.

Kowace ƙira da nata rauni, kuma sanin shi kafin saye ya fi komai rage asara. Injin M272 na Mercedes na shekarun farko yana cinye haƙoran sandar daidaita jijjiga, gyaran kuma sai an sauke inji. E-Class ƙirar W211 daga 2002 zuwa 2006 tana da birkin lantarki mai suna SBC, wanda famfonsa ke da iyakar adadin takawa. Wannan birkin ba a taɓa shi sai an kashe tsarin da na'ura, don buɗe ƙofa kaɗai na iya sa ya matse, ya kama yatsun mai gyara. Lexus LS400 da LS430 sun fi takwarorinsu haƙuri, amma bel ne ke juya musu inji, ba sarƙa ba, kuma ana canja shi duk kilomita 145,000 tare da famfon ruwa. A LS430, in bel ya tsinke, fistin da bawul haɗuwa suke yi. A LS400 kuma famfon sitiyari kan ɗiga mai a kan altaneta har ya kashe ta.

Watan farko: canja duk ruwan da ba ka da takardarsa

Ƙa'idar ita ce, abin da ba a rubuce yake ba, ba a yi shi ba. Fara da bakin mai da filta. Lambar da ke jikin galan, irin 0W-40 ko 5W-40, ba ta isa ba. Nemi lambar amincewar kamfani, MB 229.5 ga yawancin Mercedes masu fetur na wancan zamanin, LL-01 ga BMW, 502.00 ga Audi. Injinan nan suna shan mai da yawa: M54 na BMW lita shida da rabi, M113 na Mercedes kusan lita takwas. Tsohon inji mai yawan gajeruwar tafiya, a canja masa duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 ko shekara guda, ko da allon mota bai ce komai ba.

Man giya shi ne inda aka fi cutar masu irin waɗannan motocin. An sayar da da yawa daga cikinsu da cewa man giyarsu na har abada ne. Kamfanin ZF, wanda ya ƙera giya mai hawa shida da ke cikin BMW da Audi da Jaguar da yawa, shi da kansa yana ba da shawarar canji tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko shekara takwas. A yawancin irin wannan giyar, filta a haɗe take da tiren roba na ƙasa, tare ake canja su. Ana cika man ne inji na kunne, mota a kwance daidai, zafin man kusan digiri 40 a ma'aunin Salsiyus. In aka auna da zafi sosai man ya kumbura, za a zuba ƙasa da kima, giya ta riƙa fizga. Giyar da ta daɗe ba a taɓa ta ba, a zubar a cika kawai, kada a wanke ta da injin matsi. A giyar Mercedes mai hawa biyar, 722.6, a canja soket ɗin wayar da ke gefenta a lokaci guda. Ƙaramin abu ne, amma in ya fara yoyo man kan bi cikin waya har ya kai kwamfutar giya.

Man birki yana jan danshi daga iska, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu, yawanci DOT 4. Sai man difaranshal, man sitiyari, filtar iska, filtar mai da fulogi. A lura, injinan M112 da M113 na Mercedes fulogi biyu ne a kowace silinda, wato 12 da 16.

Ruwan sanyaya inji

A BMW ƙirar E38 da E39, tankin rarar ruwa, wuyan lagireto da gidan tamostat galibi filastik ne. Shekaru na zafi da sanyi suna sa su gautsi, kuma ba sa gargaɗi, fashewa suke yi lokaci guda. Injin alminiyam kuwa in ya yi zafi sau ɗaya sosai, kan inji na iya lanƙwashewa. Don haka ba a jira ɗaya ya fashe: lagireto, tanki da murfinsa, famfon ruwa, tamostat, manyan tiyo biyu da fanbel, a canja su rana ɗaya. Bayan an cika, a fitar da iskar da ta maƙale ta sukurun da aka tanada, hita na kunne a mafi zafi. In allurar zafi ta haura, tsayawa ake yi nan take a kashe inji, ba a lallaɓawa zuwa gida.

Ruwan da ake zubawa rabi maganin daskarewa ne, rabi tataccen ruwa. Wannan haɗin yana jure sanyi har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Ruwa zalla in ya daskare kumbura yake yi, yana iya tsaga jikin inji. Kada a dogara da launi wajen haɗa iri biyu. A bi lambar da littafin mota ya faɗa, don wasu in sun haɗu kauri suke yi su toshe hita.

Ƙafafu masu iska

Taushin da ake sayen motar dominsa, a W220 da A8 ƙirar D3 da Jaguar X350, daga jakunkunan iska yake zuwa maimakon sifirin. Gwajinsu ba wuya. Da yamma, ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, rubuta lambobi huɗun. Da safe sake aunawa kafin ka buɗe ƙofa. Kusurwar da ta sauka fiye da santimita ɗaya ko biyu tana yoyo. Fesa ruwan sabulu a jikin jakar da mahaɗan bututu. Inda kumfa ya taso, nan ne.

Dalilin gaggawa shi ne, ƙaramin yoyo ke kashe famfon da ke cika jakunkunan da iska. Famfon an yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. In iska na zurarewa, sai ya yi ta aiki har ya ƙone, gyaran abu ɗaya ya koma biyu. Duk wanda ya canja famfo ya canja rilensa, don tsohon rile kan manne ya bar sabon famfon yana gudu har ya mutu. Jakunkuna kuma bibbiyu ake canjawa, hagu da dama. A jikin famfon akwai abin busar da iska. In ya jiƙe ya daina aiki, danshi na shiga bututu, ranar da sanyi ya tsananta ya daskare a cikin bawul, mota ta wayi gari a durƙushe, ta miƙe in rana ta ɗaga.

Batir da ruwan sama

Da yawa daga cikin fitilun gargaɗin da ke tayar wa mutane hankali a waɗannan motocin, raunin batir ne kawai. Auna shi bayan motar ta kwana: volt 12.6 cikakke ne, 12.2 kusan rabi ne. Inji na kunne ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Batir da ya wuce shekara biyar a canja shi kafin sanyi, don sanyi na rage masa ƙarfi daidai lokacin da mai ya yi kauri inji ke buƙatar ƙarin ƙarfin juyawa, kuma batir da ya sauka sosai yana iya daskarewa. BMW daga ƙirar E65 da E60 zuwa sama sai an sanar da kwamfuta cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da caja shi kamar tsoho. In batir na mutuwa cikin kwana biyu ko uku, a auna wutar da motar ke ja bayan an kulle ta ta yi barci. Fiye da miliamfa 50 na nufin wata kwamfuta ba ta kwanta ba, sai a bi fiyus ɗaya-ɗaya.

Magudanun ruwa na rufin da ke buɗewa da na ƙasan gilashin gaba, a share su kafin ganye ya gama zuba. Zuba kofin ruwa a kowace kusurwa ka ga ya fito ƙasa. A W220, toshewar magudanar da ke ƙasan gilashi ta gefen fasinja tana tura ruwa cikin mota ta hanyar hita. Aikin minti biyar ne.

Tayoyin hunturu

Mafi yawan waɗannan motocin tayoyin baya ne ke tura su, suna da nauyi, ga faɗin taya, ga ƙarfin inji. A kan dusar ƙanƙara duk wannan bai taimaka ba. Abin da ke sauya lamarin taya ce, fiye da kowane maɓalli da ke cikin motar. Robar tayar bazara tana taurare da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Tayar hunturu tana zama da taushi, kuma tana da ƙananan tsage masu kama ƙanƙara. Alamar da za a nema a gefenta ita ce hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Haruffan M+S kaɗai ba shaida ba ce. Jamus ta daina karɓarsu a matsayin tayar hunturu tun Oktoba 2024. A Kwibek ta Kanada dole ne a sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Huɗu ake sawa, ba biyu ba. Biyu a baya kaɗai, mota za ta tashi amma ta ƙi juyawa a kwana. Biyu a gaba, baya ne zai ƙwace. Gara a sa su a kan wasu ƙarafan taya daban, a zaɓi mafi ƙanƙanta da siranta daga cikin girman da littafi ya yarda, matuƙar bai taɓa birki ba, don siririyar taya ta fi yanka dusa. Zurfin zane kada ya gaza milimita 4, ko da doka a wasu ƙasashen Turai ta tsaya a 1.6. Karanta lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar hunturu da ta haura shekara shida ta fara taurare ko da zanenta na nan. Iska kuma tana raguwa da kusan psi ɗaya duk saukar digiri biyar ko shida, a riƙa aunawa da safe.

Masu quattro na Audi da 4Matic na Mercedes, wato motoci masu juya taya huɗu, su kiyaye: juya taya huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawa tudu, ba ya rage ko taku ɗaya a nisan tsayawa.

Sauran shirin gajere ne. Ruwan wanke gilashi mai jure aƙalla digiri 20 ƙasa da sifili, sababbin waifa, man silikon a robobin ƙofa don kada su manne. Mai injin dizal ya gwada fulogin ɗumama silinda, kuma kada ya shiga sanyi da dizal na bazara a tanki, don kaurara yake yi ya toshe filta. A but a ajiye abin kankare gilashi, ƙaramin shebur, wayar jona batir, bargo, tocila da ɗan buhun yashi.

Tuƙin kansa

Kada a bar motar tana tsaye a kunne minti ashirin da sunan ɗumi. Daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, a share gilasai da fitilu da rufi, a tashi a hankali, kada juyin inji ya wuce 2,500 a minti sai allurar zafi ta hau. Inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya. Gajerun tafiye-tafiye a sanyi suna tara danshi a cikin mai, shi ne farin kumfa mai kauri da ake gani a ƙarƙashin murfin mai. A injin M54, wannan kumfan kan daskare a bawul ɗin da ke fitar da tururin mai, matsi ya taru ya fasa gasket, ko mai ya zuƙu zuwa silinda. Maganinsa tafiyar minti talatin ko fiye a babbar hanya sau ɗaya a mako. Ruwan zafi kuwa ba a zuba shi a daskararren gilashi, tsagewa yake yi.

Wajen tashi a kan santsi, danna maɓallin W a tsofaffin Mercedes, ko SNOW a Lexus. Na Mercedes yana tayar da mota a giya ta biyu, na Lexus yana sassauta totur, duka don kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Abu ɗaya ake yi a lokaci guda: birki tun hanya na miƙe, sannan juya sitiyari, sannan totur bayan an fita kwana. A kan ƙanƙara nisan tsayawa na iya ninka na busasshiyar hanya sau goma, don haka tazara da motar gaba ta kai daƙiƙa takwas zuwa goma. A kashe na'urar riƙe gudu. A yi hattara da gadoji da wuraren inuwa, su ke fara daskarewa.

In tsayawar gaggawa ta kama, taka birki da ƙarfi ka riƙe. Kaɗawar da za ka ji a ƙafa aikin ABS ne, na'urar da ke hana tayoyi kullewa, kada ka ɗaga. In baya ya fara zamewa, saki totur a hankali, kalli inda kake son zuwa, juya sitiyari can, kada ka fizge. In gaba ne ya ƙi juyawa, rage totur ka ɗan warware sitiyari har tayoyi su sake kamawa. Ƙara murɗawa ƙara zamewa ne. A gangara, sa giya ta biyu ko ta uku tun daga sama.

Na'urar hana zamewa a bar ta kunne koyaushe, sai in mota ta kafe a dusa. A nan tana yanke ƙarfin inji har motar ta kasa motsi, sai a kashe ta. Haƙe gaban tayoyi da bayansu, watsa yashi, miƙe sitiyari, sannan ka yi gaba kaɗan, baya kaɗan, kana tsayawa cak kafin kowane canjin giya. Jefa giya daga D zuwa R tayoyi na juyawa yana ƙona tsohuwar giya cikin mintuna. Mai ƙafar iska ya danna maɓallin ɗaga mota tukuna. In jira ya kama a cikin mota inji na kunne, a fara share bakin salansa, don hayaƙin da ya toshe yana komawa ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Wajen ajiyewa a shimfiɗaɗɗen wuri cikin tsananin sanyi, giyar P ta isa. Birkin ajiya da ya jiƙe kan daskare ya riƙe tayar baya. Gishirin da ake watsawa a hanya kuma a wanke shi daga ƙarƙashin mota duk mako biyu, a ranar da sanyi ya ɗaga sama da sifili, a mai da hankali kan bakin mazaunin taya da bututun birki. Bayan wanka a yi tafiyar minti goma ana ɗan taka birki ya bushe, a goge robobin ƙofa da tsumma kafin a kulle.